Jibo Ikko da Dami Bakwai da Ba Na Kowa Ba

A Angwal Yaro, wani ƙauye da ke gabas da Kore Mairuwa, akwai Jibrilla har uku, amma Jibo Ikko ɗaya ne. Sunan ya samo shi ne daga Legas, wadda mutanen wajenmu suke kira Ikko. Ya tafi cirani yana saurayi, a wata shekara da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, da niyyar ya dawo kafin shuka. Sai da ya yi shekara goma sha wani abu. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya wani Ibo mai sayar da gwanjo ya ɗauke shi yana kwance masa dila yana ware riguna, manya gefe, ƙanana gefe. A bakin wannan shago ya tsinci Ingilishinsa, kalma ɗaya yau, biyu gobe, daga bakin maigida da masu ciniki da 'yan sanda.

Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya riƙe gandu, ya auri Zubaida, bai sake ƙetare iyaka ba. Da damina yana noma, da rani yana kasa gwanjo ranar kasuwar Kore Mairuwa. 'Yan makarantar garin Faransanci suka iya, saboda haka duk abin da ya shigo da Ingilishi, ko saƙon murya ne daga wani ubangida a Najeriya, ko bayanin maganin feshi, wurin Jibo ake kai shi. Yakan karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya saurara, sannan ya faɗi abin da ya ji. Yawanci yana dacewa. Inda bai dace ba kuma babu wanda zai gane.

Shekarar da ya ba hamsin baya, wata ƙungiya mai aikin iri ta aiko wata matashiya 'yar Gana ta gwada sabon irin hatsi a garin. Sunanta Akosuwa, amma da ta ce ma'anarsa wadda aka haifa ran Lahadi, sai kowa ya koma ce mata Ladi. Faransancinta kaɗan ne, Hausa kuma daga sannu sai na gode. Akwai wani ma'aikacin ƙungiyar, Abdul'aziz, ɗan Dogon Dutsi da ya yi karatu a Sakkwato, shi ne tafintanta. To amma ƙauyuka sun yi masa yawa, sai ya riƙa barin ta a hannun Jibo.

Aikin ba wuya. Manoma bakwai suka yarda kowa ya ware fili biyu masu girma ɗaya a gonarsa, ɗaya a shuka sabon irin, wanda aka laƙaba wa suna ɗan Gana, ɗaya kuma irin gado. Duk daminar nan Jibo yana gaba, Ladi tana biye, daga gona zuwa gona. Maganar ruwa ce, da ciyawa, da tsutsa, da gobe ko jibi, duk kalmomin da ya sani. Ya sayi sabuwar hula. Zubaida ta ce har tafiyarsa ta canza.

Cikin bakwai ɗin akwai shi kansa Jibo. Akwai Karima, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai noma ɗan filinta da hannunta. Akwai kuma Alhaji Mahamadu, wanda gonarsa take cikin fadama, inda ƙasa ke riƙe laima, ga shanunsa suna kwana a ciki duk rani. Alhaji surukin Jibo ne, domin ɗansa ne ke auren Mas'uda, babbar 'yar Jibo. Amalankensa ce kuma ke kai dilar gwanjon Jibo kasuwa. Duk zuwan da Ladi za ta yi, daga gidan Alhaji ake aiko mata da fura.

Bayan an yi girbi an ɗaure dammuna, aka sa ranar da Ladi za ta faɗa wa gari abin da ta gano. Da hantsi aka taru gindin gawon da ke ƙofar mai gari, maza a gaba, mata daga baya. Motar ƙungiya ta iso da Ladi ita kaɗai. Direba ya ce an yi wa Abdul'aziz rasuwa a Doso. Jibo ya gyara hula ya tsaya kusa da ita.

Ta yi godiya, ya fassara. Ta yaba da ƙoƙarinsu, ya fassara har da ƙari. Sannan ta ce abarej na sabon iri dami bakwai ne, na irin gado kuma shida.

Jibo ya san abarej. Idan aka tashi kasuwa a Ikko ba a yi wani cinikin kirki ba, maigidansa yakan taɓe baki ya ce yau abarej ne.

Ya ce, "Ta ce ɗan Gana dai ba yabo ba fallasa. Dami bakwai."

Can mai gari ya ce, "Wa ya samu bakwai?"

Aka dubi juna. Wannan ya ce shi uku ya ɗaure, wancan ya ce shida. Jibo kansa huɗu ya samu. Alhaji Mahamadu ya yi gyaran murya ya ce shi ashirin da ɗaya. Babu mai bakwai.

Jibo ya juya ya tambayi Ladi gonar wa ta ba da bakwai. Ta yi murmushi ta ce ba ta kowa ba ce, wannan min ne, kuma min ɗin ya yi sama ne saboda Alhaji Mahamadu.

Jibo ya karkata kai. Min biyu ya sani. Ɗaya shi ne na me kake nufi. Ɗayan kuma shi ne wanda ake faɗa wa mutum mai maƙo, mai busasshiyar zuciya, irin mai gidan hayar da ya taɓa watso masa kaya waje cikin ruwan sama. Ya gwada na farkon a cikin maganar, bai zauna ba. Ya gwada na biyun, ya zauna daram. Ya matsa kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji? Min?"

Ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta nuna Alhaji da hannu, ta ɗaga hannun sama tana dariya.

Mai gari ya ce, "Jibo, mi ta ce game da Alhaji?"

"Ranka ya daɗe, magana ce ta Ingilishi."

"Shi ya sa munka tsai da kai."

Jibo ya share goshi. Ya nemi hanya mafi laushi da zai bi. "Ta ce hannun Alhaji shina da ɗan nauyi wajen buɗewa."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Marowaci ke nan!" Dariya ta ƙwace wa wasu, wasu suka sunkuyar da kai. Alhaji Mahamadu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi, ya tafi. Ladi ta bi shi da kallo, ta ɗaga masa hannu, tana zaton wani uzuri ne ya taso masa.

Ta ci gaba. Ta ce saboda haka kada su dubi min, su dubi midiyan, kuma midiyan a nan Karima ce.

Sai Jibo ya ji sanyi a ransa, domin an zo inda ya fi kowa sani. Shekara nawa ya yi yana duba wuyan riguna: simol, midiyam, laj. Kuma ya san ƙungiyoyin nan ba sa gama aiki ba su raba riguna masu tambari ba.

Ya ce, "Yanzu kuma maganar riga ce. Ke Karima, ta ce matsakaiciya za ki sa."

Karima, wadda ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ta ce, "Ni? To Allah shi saka."

Nan mata suka taso, kowa tana tambayar tata wace iri ce. Ladi tana ta magana tana nuna gonaki, Jibo yana kama kalma ɗaya uku suna wuce shi. Taro ya watse ana azahar. Babu wanda ya tuna ya tambayi wane iri za a shuka baɗi.

Ranar kasuwa amalanke ba ta zo ba. Jibo ya zauna kan dilarsa a ƙofar gida har rana ta take, sannan ya ja ta ya mayar ciki. Da la'asar Mas'uda ta shigo idonta jawur, ta ce kwana biyu tana gaida surukinta yana amsawa da hanci.

Zubaida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka tabbata abin da yarinyar ga ta ce ke nan?"

"Da kunnena na ji. Har sau biyu na tambaye ta."

"Macen da ta sha furar gidan mutum damina guda, ta tsaya gaban jama'a ta zage shi tana dariya? Ni ban ji Ingilishi, amma na ga huskarta."

Jibo ya san da gaskiyarta. Shi ma ya ga fuskar. Washegari ya hau motar kasuwa zuwa Dogon Dutsi, wurin Kamaluddin, ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyar da lissafi a wata kwaleji. Kamaluddin saurayi ne mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ba ya iya jimla uku ba tare da Faransanci ya faɗo ciki ba. Ya fito lokacin hutun tara, suka zauna kan benci a inuwar bishiyar bedi. Jibo ya kwashe labari ya faɗa masa, amma ya tsallake wurin hannun Alhaji.

Kamaluddin bai iya Ingilishi sosai ba. Ya ciro waya ya daddanna, sai ya yi dariya.

"Kawu, ai mwayen ce. Min ɗin ga mwayen ce kawai."

Jibo ya san mwayen. Ita ce abin da yaran makaranta ke samu su wuce aji, in ba su samu ba a sha kuka.

"To Alhaji jarrabawa ya ci?"

"A'a, Kawu. Bon. Ka ɗauko dammunan mutum bakwai ɗin duka, ka haɗa wuri ɗaya, ka raba musu daidai wa daida. Abin da kowa zai tashi da shi, shi ne min."

"Ba rowa ba ce?"

Kamaluddin ya sake duba waya. "Akwai min na rowa. Akwai na nufi. Wannan na lissafi ne. Rubutunsu ɗaya."

Jibo ya cire hula ya riƙe a hannu. "To abarej hwa?"

"Shi ne min."

"To don mi ba ta ce abu ɗaya ba?"

"Atan, jira, Kawu." Ya ƙara karantawa yana motsa baki. "An ce yawanci abarej min ake nufi. Amma midiyan ma ana iya ce mai abarej. Da mod."

"Mod kuma wane ne?"

"Adadin da ya fi maimaituwa. In mutum uku sun samu shida-shida, shida ce mod."

"Su ukun duka sunansu abarej?"

"Kamar yadda ku uku ake ce muku Jibrilla a gari."

"Mu ai an san huskokinmu."

Ya tambayi maganar riga. Kamaluddin ya ce midiyam daban, midiyan daban, harafin ƙarshe ne ya raba su, ɗaya na riga ne, ɗaya na wanda ya faɗo tsakiya idan an jera. Jibo ya faɗi kalmomin biyu a bakinsa, a hankali, ya kasa jin inda suka rabu. Aka kaɗa ƙararrawa, Kamaluddin ya miƙe yana cewa abin mai sauƙi ne ƙwarai, 'yan aji uku ma sun san shi.

A mota Jibo ya yi ta juya abin. Kafin su kai mararrabar Kore Mairuwa, mod ya zube, midiyan ya koma cikin midiyam. Abu ɗaya ya iso da shi gida lafiya: a haɗa duka, a raba daidai. Ya riƙe wannan da kyau, domin shi ne zai wanke shi wurin Alhaji.

Bai ko shiga gida ba ya wuce wurin mai gari, ya roƙe shi ya raka shi. Suka tarar da Alhaji a zaure da mutane uku-huɗu. Bayan gaisuwa Jibo ya durƙusa.

"Alhaji, kuskure daga wajena yake. Yarinyar ga ba ta ce kai marowaci ne ba. Na tahi har Dutsi na tambayo masu ilimi."

Alhaji ya dube shi ta wutsiyar ido. "To mi ta ce?"

"Kalmar tana da ma'ana uku. Wadda ta nuha ita ce a haɗa hatsinmu duka wuri ɗaya, da naka da namu, a raba daidai. Kowa shi tashi da bakwai."

Alhaji ya ajiye carbi. "A haɗa hatsin wa?"

"Namu duka. A lissahi."

"Ni da ashirin da ɗaya in koma bakwai?"

"Ba za a ɗauka ba, Alhaji. Faɗa ne kawai aka yi."

"In ba za a ɗauka ba, don mi anka raba?"

Jibo ya gyara durƙuso. Shi ma tambayar da ta hana shi sakat a mota ke nan. Ya dubi mai gari, mai gari ya dubi rufin zaure.

Mutanen da ke zaune suka fita da maganar. Kafin magariba ta zaga gari cewa ƙungiya ta yi umarni a tara hatsin Alhaji a raba. Da ta kai bakin rijiya ta zama rumbunansa duka, ba na gonar gwaji kaɗai ba. Da safe mata suka fara taruwa bayan gidan Alhaji da ƙwarya da buhunan siminti, kowa ta ce wucewa take. Alhaji ya sa aka kewaye rumbunan da ƙaya, ya ce zai kai ƙara wurin magajin gari a Kore Mairuwa, in ta kama har Tibiri. Ya aika wa Jibo cewa gara zagin farko. Karima kuma kullum sai ta leƙo gidan Jibo ta tambayi ko rigar ta iso.

Kwanakin nan Jibo bai fita majalisa ba. Wani ya kawo masa saƙon murya daga Ibadan, ya ce kunnensa na ciwo. Yakan zauna bayan ɗaki da tsakuwa bakwai-bakwai yana jerawa yana rushewa. Abin da ya fi damunsa ba fushin Alhaji ba ne. Yana tunanin shekarun da ya yi yana faɗa wa mutane ga abin da aka ce, yana tambayar kansa kalma nawa ne cikinsu suke da 'yan'uwa uku bai sani ba.

Mako na zagayowa Ladi ta dawo, wannan karon da Abdul'aziz. Tun a hanya direba ya ba su labari. Ta sauko daga mota hannunta a kan baki, ta wuce kai tsaye gidan Alhaji. Abin da aka yi a zauren ba a sani ba, amma an daɗe, kuma da suka fito Alhaji yana gaba yana gyara rawani.

Aka sake taruwa gindin gawo. Abdul'aziz ya tsaya inda Jibo ya tsaya wancan karon. Ladi ta ce manoman bakwai su fito su jeru, mai ƙaramin samu a sabon iri daga hagu, mai babba daga dama. Jibo ya fito cikinsu, ba hula sabuwa, ya tsaya na uku. Aka jeru: uku, huɗu, huɗu, biyar, shida, shida, sai Alhaji can ƙarshe da ashirin da ɗaya. Ladi ta je ta dafa kafaɗar Karima. Mutum uku a hagunta, uku a damanta.

Abdul'aziz ya ce, "Wannan shi ne midiyan. Wanda ya tsaya tsakiya. Biyar."

Sannan aka sake jeri da irin gado. Mutane suka canza wurare ana ture-ture ana dariya. Mai ƙarami huɗu, Alhaji takwas, na tsakiya shida. Ladi ta yi bayani, Abdul'aziz yana juyawa: ɗan Gana yana son laima da taki, shi ya sa ya yi abin mamaki a fadamar Alhaji. A jigawa kuwa, inda yawancin gari ke noma, irin gado ya ɗan fi shi. In an haɗa an raba, sai yawan na Alhaji ya rufe ƙarancin na saura, a ga kamar sabon iri ya yi wa kowa kyau.

Mai gari ya ce, "To wanne za mu shuka?"

Ladi ta ce ya danganta da gonar mutum.

Wani tsoho ya ce, "Wanga ai mun sani tun ba a haife ta ba." Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta tambaya yaushe za a fara rabon. Abdul'aziz ya ce babu rabo. Ta ce to don me aka jera mutane. Ya fara bayani daga farko, da Hausa tsantsa, kuma Jibo ya lura cewa ko da Hausar ma rabin taron kallonsa kawai suke. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Da za su tafi Jibo ya tari Ladi a bakin mota. Ya ba ta haƙuri, ita ma ta ba shi, ta ce laifinta ne da ta zo da kalmomin makaranta gindin bishiya. Sai ya yi mata tambayar da ke cinsa, da Ingilishinsa na kasuwa. Ya ce ya ga biyar, tana rumbun Karima. Ya ga ashirin da ɗaya. To bakwai ɗin tana ina?

Ta ce ba ta ko'ina.

Ya ce to ƙarya ce?

Ta ce a'a, gaskiya ce.

Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa, har direba ya yi ham.

Abubuwa suka lafa a hankali, ba gaba ɗaya ba. Jibo ya kwance dila ya zaɓo wata riga mai ruwan ganye, ya duba wuyanta da kyau, ya kai wa Karima. Ta sa rigar, ta kai mata gwiwa, ta ce lallai Ladi ba ta iya awo ba. Amalanke ta dawo ranar kasuwa ta uku. Alhaji kuwa, duk da an wanke shi gaban jama'a, kalmar farko ta riga ta shiga bakin mutane, kuma ya san ana faɗinta a bayansa. Da bazara ta yi tsanani, abinci ya ja baya a gidaje, ya sa aka janye ƙayar aka buɗe rumbu ɗaya, aka auna wa duk gidan da ya aiko. Wasu suka ce alherinsa ne. Wasu suka rantse umarnin Ladi ne ya iso a makare. Har yau in ka tambaya a garin za ka ji duka biyun.

Ƙungiyar ba ta dawo ba. An ce aikinta ya koma wata jiha. Damina ta gaba ruwa ya yi jinkiri, sannan ya zo da yawa, ya kwanta a fadama har ɗan Ganan Alhaji ya ruɓe a tsaye. A jigawa kuwa duka irin biyu suka yi kyau. Jibo ya shuka kowanne rabi, don ya kasa yanke shawara, Zubaida kuma ta zuba su rumbu ɗaya ta ce turmi bai san bambanci ba.

Bayan girbin ne Jibo ya ce bari ya gwada jerin nan da kansa, ko zai zauna masa. Ya bi manoman gida-gida ya tara su gindin gawo bayan sallar la'asar. Sai aka tarar ɗaya ya tafi haƙar zinariya arewa tun kafin a yi noma na biyu. Saura shida. Ya jera su yadda ya ga an yi, shi ma ya shiga, ya fito ya duba, ya koma ya shiga. Uku nan, uku can, tsakiya ba kowa sai ƙasa.

Ya ari waya ya kira Kamaluddin.

"Mu shida ne. Babu na tsakiya."

"Ba matsala, Kawu. Ka ɗauki biyun da ke tsakiya, ka haɗa nasu, ka raba biyu."

"In haɗa in raba? Wannan ai min ne."

"E, min ɗin su biyun shi ne midiyan ɗin ku shida."

Jibo ya sauke wayar daga kunne ya dube ta. Alhaji, wanda wannan karon yake tsaye can farkon layi wajen masu ƙaramin samu, ya ce in an gama shi zai tafi, shanunsa ba su sha ruwa ba. Karima ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Daga cikin wayar ana jin muryar Kamaluddin ƙasa-ƙasa yana ta cewa alo, alo, Kawu kana jina.

Jibo ya ce wa mutanen su yi haƙuri su ƙara tsayawa kaɗan, ya mai da wayar kunne, ya ce, "Ina jinka. Sake faɗi, amma a hankali."